Tenzing Norgay, Ɗan Dakon Da Ya Hau Dutsen Everest

A can nahiyar Asiya, tsakanin ƙasar Nepal da Tibet, akwai wani dutse da ake kira Everest. Duk duniya babu dutsen da ya kai shi tsawo, don tsayinsa ya kai mita 8,849. Ƙanƙara ba ta rabuwa da kansa rani da damina. Iskar da ke can ƙololuwa kuwa ba ta isar mutum numfashi, taku kaɗan sai haki ya kama shi.

A gindin wannan dutse wata kabila ke zaune, sunanta Sherpa. Cikinsu Tenzing Norgay ya tashi. An haife shi a shekarar 1914, iyayensa talakawa ne. Tun yana yaro yake kiwon wasu shanu masu dogon gashi da ake kira yak. Bai taɓa shiga makaranta ba, har ya mutu bai iya karatu da rubutu ba, amma ya iya harsuna da dama.

Da ya zama saurayi sai ya tafi garin Darjilin a ƙasar Indiya neman aiki, domin daga nan Turawa ke ɗaukar 'yan dako in za su hawan dutse. A 1935 wani Bature mai suna Eric Shipton ya ɗauke shi dako zuwa Everest. Ya sāke komawa a 1936 da 1938 da 1947, ko wane zuwa sai dutsen ya gagara. A 1952 ya je har sau biyu tare da mutanen Suwizalan. A zuwa na farko shi da Raymond Lambert suka kai wajen mita 8,600, inda babu wanda aka san ya taɓa kaiwa, sa'an nan ƙarfinsu ya ƙare, suka juyo. Sau shida ke nan yana komawa gida bai cim ma burinsa ba.

A 1953 Ingilishi suka yi sabon shiri a ƙarƙashin Kanar John Hunt, da 'yan dako fiye da 300. Suka naɗa Tenzing shugaban Sherpawa. Aka haɗa shi da Edmund Hillary, wani mai kiwon zuma daga ƙasar Niyu Zilan. Masu hawan dutse kan ɗaure juna da igiya ɗaya, don in ɗaya ya zame ɗaya ya riƙe shi. Wata rana Hillary ya rufta cikin ramin ƙanƙara, Tenzing ya yi maza ya ja igiya ya tsai da shi. Tun daga ran nan suka amince da juna ƙwarai.

Ran 28 ga Mayu suka kwana su biyu cikin ɗan tanti, can kusa da ƙololuwa. Da gari ya waye suka goya kwalaben iskar numfashi, suka yi ta sassare ƙanƙara da gatari suna yin wurin sa ƙafa. Da ƙarfe 11:30 na safe, ran 29 ga Mayu, suka tsaya bisa ƙololuwar Everest. Tenzing ya ɗaga gatarinsa da tutoci huɗu a jiki, Hillary ya ɗauke shi hoto. Minti 15 kaɗai suka yi, suka sauko. Labari ya bazu a Landan ran 2 ga Yuni, ranar da aka naɗa Sarauniya Elizabet.

Da suka sauko sai gardama ta tashi a kan wanda ya fara taka ƙololuwar. Mutane da yawa a Nepal da Indiya suka so a ce Tenzing ne. Da ya so, da ya karɓi wannan suna. Amma a littafin tarihinsa da aka buga a 1955, ya faɗi gaskiya, cewa Hillary ne ya riga shi da 'yan taku, igiya ɗaya kuwa ke haɗe da su. Wannan bai rage masa daraja ba ko kaɗan.

Daga 1954 ya zama babban mai koyarwa a makarantar hawan dutse ta Darjilin, ya horar da samari masu yawa. Ya rasu a garin ran 9 ga Mayu, 1986, yana da shekara 71. Ana tunawa da shi don haƙurinsa da gaskiyarsa. Mahaƙurci mawadaci.