Janar Murtala Ramat Muhammed: Kwana 200 na yaƙi da cin hanci da darasin da ya bari

Kafin shekarar 1976, Yola hedikwatar lardi ce kawai, ana tafiyar da al'amuranta daga Maiduguri a ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas. A ranar 3 ga Fabrairun wannan shekara aka ƙirƙiro Jihar Gongola, Yola ta zama babban birni, ma'aikatu suka taso, unguwannin ma'aikata irin su Karewa a Jimeta suka bunƙasa. Mutumin da ya yi wannan shela, Janar Murtala Ramat Muhammed, kwana goma kacal ya ƙara a duniya. Har yau akwai babbar makarantar sakandare a Yola da ke ɗauke da sunansa. Sai dai abin da ya fi tsaya wa 'yan Najeriya a rai game da shi shi ne yadda ya tunkari cin hanci da rashawa, da kuma abin da wannan tunkara ta haifar, mai daɗi da marar daɗi.

An haifi Murtala a birnin Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi karatu a makarantar Gidan Makama da Midil ta Kano, daga nan ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda aka fi sani da Barewa. Ya shiga aikin soja a 1958, ya samu horo a makarantar hafsoshi ta Sandhurst da ke Ingila, ya fito da muƙamin ƙaramin laftanar a 1961, aka tura shi sashen sadarwa. Yana cikin sojojin Najeriya da suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango.

Tarihinsa na soja ba fari ba ne tas. Yana cikin jagororin juyin mulkin ramuwar gayya na Yulin 1966. A yaƙin basasa shi ne ya jagoranci Runduna ta Biyu, wadda ta ƙwato Benin a 1967, amma a ƙarƙashin wannan runduna aka yi kisan fararen hula a Asaba, tabon da bai goge ba har yau. Ya kuma yi asarar dakaru masu yawa a yunƙurin ƙetare kogin Neja zuwa Onitsha. Zafin nama da rashin son jinkiri, waɗanda suka jawo masa yabo da suka a fagen daga, su ne ya shigo da su fadar mulki.

Domin a gane abin da ya tarar, sai an dubi halin da ƙasar ke ciki. Daga ƙarshen 1973 zuwa 1974 farashin man fetur ya ninka kusan sau huɗu a kasuwar duniya, kuɗi suka riƙa kwarara cikin baitulmali fiye da yadda ma'aikatu za su iya tsarawa ko lissafawa. Babu majalisar da za ta tuhumi kowa, domin mulkin soja ake yi, gwamnoni kuwa sun shafe shekara takwas a kujerunsu. Gwamnati ta zama babbar mai saye a ƙasa, don haka hanyar arziki mafi sauri ta koma samun kwangila ko lasisin shigo da kaya, ba noma ko masana'anta ba. Dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace a waɗannan shekaru, fari da cutar shuka suka haɗu da sakaci. Ƙarin albashin Udoji ya zuba kuɗi a hannun ma'aikata lokaci guda, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 1975.

Babu abin da ya fito da illar wannan yanayi fili kamar badaƙalar siminti. Hukumomin gwamnati sun yi odar kimanin tan miliyan 20, mafi yawansa da sunan Ma'aikatar Tsaro, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba za ta iya sauke ko kusa da wannan adadi a shekara ba. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni, Najeriya na biyan kowanne tarar zaman jira ta dubban daloli a kullum. Wasu 'yan kasuwar waje ma tsofaffin jirage suka riƙa turowa, domin kuɗin jiran ya fi ribar simintin. Siminti ya daskare a cikin jirage, abinci da magunguna da kayan masana'antu suka rasa hanyar shigowa, kaya suka yi tsada a kasuwa. Ɗan kason da wasu tsiraru suka karɓa a ofis, talakan Jimeta da na Sakkwato ne suka biya shi a farashin madara da sukari.

Ranar 29 ga Yuli, 1975, Janar Yakubu Gowon na halartar taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, aka hamɓarar da gwamnatinsa ba tare da zubar da jini ba. Murtala, wanda a lokacin yake kwamishinan sadarwa na tarayya, ya zama shugaban ƙasa yana da shekara 36. Nan take ya sauke gwamnoni goma sha biyun, ya soke ƙidayar 1973 mai cike da gardama, ya sa aka dakatar da lodin siminti, aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Belgore. Kwamitin da ya binciki dukiyar tsofaffin gwamnoni ya samu goma da laifi, ya wanke biyu kaɗai, wato Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma, aka ƙwace kadarori da dama. An kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, an kuma yi dokar hukunta masu cin hanci. Shi kansa ya ƙi zama a cikin ƙasaita, yana fita ba jiniya ba ayarin motoci.

Daga nan aka juya kan ma'aikata. Sama da mutum 10,000 aka sallama daga ma'aikatu, kotuna, jami'o'i, 'yan sanda da soja, bisa zargin rashawa, lalaci, tsufa ko rashin lafiya. Da yawa a rediyo suka ji labarin korarsu. Jama'a sun yi murna, ofisoshi suka riƙa cika tun da sassafe. Amma garin gyaran gira an taɓa ido. Ba a ba mafi yawansu damar kare kansu ba, wasu kuma ƙiyayya da hassadar abokan aiki ce ta ci su. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna aiki da gaskiya suka wayi gari ba gida ba abin yi. Waɗanda suka tsira suka ɗauki darasin da ba shi aka nufa ba: tunda kujera ba ta da tabbas, gara mutum ya tanadi na gobe tun yana kai. Masana da tsofaffin manyan ma'aikata da dama na ganin daga nan ne amana ta fara raunana a aikin gwamnati. Bayan shekaru, gwamnatin Janar Babangida ta mayar wa wasu tsofaffin gwamnonin kadarorinsu, abin da ya ƙara rage wa hukuncin kwarjini.

A cikin wannan ɗan lokaci Murtala ya sanya ranar 1 ga Oktoba, 1979 don miƙa mulki ga farar hula, ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, ya amince da gwamnatin MPLA a Angola duk da matsin lambar Amurka, ya mayar da jihohi 19, ya kuma amince da shawarar kwamitin Aguda na mayar da babban birnin tarayya Abuja.

Da safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, yana kan hanyar ofis a unguwar Ikoyi ta Legas, cunkoson motoci ya tsayar da motarsa. Sojojin da ke cikin yunƙurin juyin mulkin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe masa wuta, suka kashe shi tare da dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa. Yana da shekara 37. An yi jana'izarsa a Kano, ya bar matarsa Ajoke da 'ya'ya shida.

Hotonsa na kan takardar Naira 20, wadda a ranar da ta fito ita ce mafi girma a ƙasar, yau kuwa da ƙyar take sayen alawa. Ya nuna cewa shugaba mai niyya zai iya girgiza ɓarayin gwamnati cikin 'yan watanni. Rayuwarsa ta kuma nuna cewa tsoron mutum ɗaya yana bin sa kabari, sai an bar doka mai adalci da lissafi a fili kafin gyara ya ɗore. Allah Ya jiƙansa da rahama.