Andiru Balfur, likitan da ya yaƙi sauro a Hartum

A ƙasar Sudan akwai Hausawa da yawa, musamman wajen Gadarif. Can ne garin Fau yake, inda magudanan ruwa ke ratsa gonakin auduga da gyaɗa. Duk inda ruwa ya kwanta, sauro na samun wurin haihuwa. Yaƙi da shi a Sudan ya daɗe. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara shi, sunansa Andiru Balfur.

An haifi Balfur a shekara ta 1873, a birnin Edimbara na ƙasar Birtaniya. Ya yi karatun likita kamar mahaifinsa. Yana saurayi aka gano abu babba: a 1897, likita Ronal Ros ya tabbatar sauro ne ke ɗauke da ƙwayar cutar masassara.

A 1902 aka naɗa Balfur shugaban wani gidan binciken cututtuka a Hartum. Ya tarar masassara ta addabi birnin. Bai tsaya ba da magani kawai ba. Ya san sauro cikin ruwa yake zuba ƙwai, ƙwan ya zama tsutsa, tsutsa ta zama sauro. Sai ya kafa rundunar ma'aikata. Suna bin gida gida, suna duba rijiyoyi da randuna. Suna cike ramuka da kududdufai. Ruwan da ba a iya kawarwa, su zuba masa kananzir, tsutsotsin su kasa numfashi su mutu. Aiki ne mai gajiyarwa, don kullum sai an sake shi.

Balfur ya lura da wani abu kuma. Jiragen ruwa masu zuwa daga kudu suna shigo da sauro cikin ruwan da ke taruwa a cikinsu. Su ma aka riƙa bincikarsu. Cikin ƴan shekaru masassara ta ragu ƙwarai a Hartum.

A 1907 ya samu ɗakin bincike bisa jirgin ruwa, mai yawo kan kogin Nilu. Ƙaramin jirgin da ke jansa, Kyuleks aka sa masa suna, watau sunan wani irin sauro!

Balfur ya bar Sudan a 1913. Daga baya ya shugabanci makarantar koyon cututtukan ƙasashe masu zafi a London. Ya rasu a Ingila a 1931.