Abdullahi ɗan Umar, sojan da ya hana a zubar da jini

An haifi Abdullahi ɗan Umar (RA) a Makka. Ranar Uhudu an mayar da shi gida saboda ƙuruciya, aka karɓe shi a Khandaƙ yana ɗan shekara 15.

A shekara ta 8 bayan Hijira ya fita ƙarƙashin Khalid ɗan Walid (RA) zuwa Banu Jazima. Khalid bai fahimci cewa mutanen sun musulunta ba, sai ya ce kowa ya kashe fursunansa. Abdullahi ya ƙi, ya kuma hana mutanensa. Da suka sanar da Annabi (SAW), sai ya barranta daga aikin Khalid.

Ya rasu a Makka, shekara ta 73.

Ɗan'uwa ɗan sanda, in oga ya kauce, janye hannunka kawai bai isa ba. Ka hana, ka kai maganar gaba. Allah Ya sa mu dace.