Tarihin Babban Gwani, Maginin Masallacin Jumma'a na Zariya

 Wannan tarihin wani mutumin Zazzau ne wanda bai riƙe sarautar ƙasa ba, bai kuwa ja rundunar yaƙi ba, amma har yau ana ambaton sunansa tare da na sarakunan da ya yi wa aiki. Sana'arsa gini ce. Kayan aikinsa kuwa ƙasa ce da ruwa da itacen giginya, sai hannuwansa biyu. Waɗansu su kan kira shi Muhammadu Durugu, waɗansu kuma Malam Mika'ilu, amma laƙabinsa ya rinjayi sunan yanka, duk inda a ka je Babban Gwani a ke ce da shi.

Ma'abuta allo sun san nauyin wannan kalma ta gwani. Yaro ya kan fara yana kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, kāna in Allah ya nufa ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, a ce da shi alaramma. Duk da haka ba a kiransa gwani sai ya ƙware ƙwarai, har ya san wuraren da ayoyi su ka yi kama da juna, ba ya tuntuɓe a kansu. To, haka al'amarin ya ke wurin magina. Yaro ya kan fara da ɗebo ruwa da taka ƙasa, sa'an nan a bar shi ya cura tubali, sa'an nan ya hau bango. Kaɗan ne daga cikinsu su kan kai ga ɗaura baka su rufe soro, waɗannan su ne gwanaye. Wanda gwanaye da kansu su ka sallama masa, shi ne Babban Gwani.

Ya yi zamani ne bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda a ka fara a 1804. Malam Musa shi ya karɓo tuta ya ci Zazzau, ya rasu a 1821. Yamusa ya gaje shi har 1834. Daga nan sarauta ta koma ga Abdulkarimu, na gidan Katsinawa, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, watau wajen 1250 zuwa 1262 ta Hijira. A zamanin wannan sarki ne a ka tashi gina babban masallacin Jumma'a kusa da fada a birnin Zariya, a ka danƙa aikin a hannun Babban Gwani.

Ba za a gane girman abin da ya yi ba sai an san yadda maginin ƙasar Hausa ya ke tafiyar da aikinsa yau da gobe. Lokacin gini rani ne, bayan an kawar da amfanin gona, gama ruwan sama abokin gāban ɗanyen bango ne. Da fari a kan haƙo jar ƙasa daga kududdufi, a zuba mata ruwa, a tattake ta da ƙafa har ta yi laushi. A kan gauraya ta da ciyawa da kashin doki, a bar ta ta kwana biyu tana tsima, a sāke jiƙa ta a sāke takawa. Gwani ya kan damƙi curi guda ya murza a tafin hannu, nan take ya san ko ta yi ko da saura. Daga wannan ƙasa a ke cura tubali da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya a rana har ya bushe.

Magini ba shi da takardar fasali. Siffar ɗakin tana cikin kansa, kamar yadda sura ta ke cikin kan mahaddaci tun bai tsoma alƙalami a tawada ba. Ya kan shata wurin a ƙasa da ƙafarsa, ya auna da taki da kamu, a haƙa harsashi. Sa'an nan a jera tubali a tsaye, tsini yana kallon sama, a cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. In bango ya yi tsawo, sai magini ya hau ya zauna a kansa kamar mahayin doki, yaransa na ƙasa suna jefo masa tubali da curin ƙasa, yana cafewa yana ɗorawa. A kan yi gindin bango da kauri, yana tashi yana sirancewa, domin ƙasa ta ɗauki nauyin 'yar'uwarta. Ba a kuwa yi masa gaggawa, sai jeri ya sha iska kāna a ɗora wani. Wanda ya ƙosa ya ɗora ɗanye a kan ɗanye, damina za ta tona masa asiri.

Wahalar gini duka tana wurin rufi. Itacen da a ke rufi da shi azara ce, wadda a ke tsagawa daga kututturen giginya, an kuwa zaɓe ta ne sabo da ƙarfinta, da kuma cewa gara ba ta cika cinta ba. Amma azara tana da iyaka: in a ka shimfiɗa ta tsakanin bango da bango, a ka ɗora mata ƙasar rufi, ba ta jure faɗin da ya wuce kamar ƙafa 6. Wannan ya isa ɗakin kwana, amma ina zai isa jama'ar Jumma'a? Dabarar da magina su ka yi ita ce baka. Su kan kafa azara cikin bango ko cikin ginshiƙi ta ɗan karkato ciki, su ɗaura wata a kanta da igiya ta ƙara leƙowa, su yaɓe da ƙasa, su bari ta bushe, kāna su ƙara wata, daga wannan gefe da wancan, har ƙafafun biyu su haɗu a sama. In baka ɗaya ce ta ƙetare ɗaki, ita a ke kira bakan gizo. In biyu su ka gicciya a tsakiya, shi ne ɗaurin guga, don ya yi kama da sandunan da a ke gicciyawa a bakin gugar rijiya. A kan waɗannan bakuna a ke jera gajerun azara, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, rufin ya tashi ya yi tulluwa.

A wannan fanni ne Babban Gwani ya tsere wa tsara. A masallacin Zariya ya tsayar da manyan ginshiƙai, daga jikinsu bakuna su ka tashi su ka rarrabu kamar rassan itace, su ka tallafi tulluwa bayan tulluwa, har a ka sami fili mai yalwa inda sahu zai miƙe. Bai tsaya ga ɗakin salla kaɗai ba. Ya haɗa shi da ɗakin shari'a, da zauruka na shiga inda a ke alwala, ya kewaye su duka da katanga. Adon da ya yi wa ginshiƙai da bakuna ba na launi mai ɗaukar ido ba ne, zane ne mai zurfi da a ka fitar a jikin yaɓe tun yana ɗanye, layuka da kusurwoyi da da'irori, babu surar mai rai. Hasken da ya shigo ya kan kwanta cikin zanen ya yi inuwa, mai salla ya sami natsuwa, hankalinsa bai rabu ba.

Fatake kuma ya kamata su lura da cewa irin wannan gini ba ya tsayuwa sai da taimakon sauran masu sana'a. Laso, wanda a ke shafe rufi da shi don kada ya yi yoyo, da katsi a ke haɗa shi, watau abin da a ke samu daga gindin karofin marina, tare da gashin da majema su ka kankare daga fata, da ruwan dafara. Makuba, wadda a ke yaɓe bango da ita, daga ɓawon ɗorawa ta ke fitowa. Azara kuwa sai an saro ta daga inda giginya ta ke, an yi fataucinta zuwa birni. Ashe soro guda ya tara guminsu duka, marini da majemi da masassaƙi da falke, abin da wani ya zubar shi ne abin da wani ya ke nema.

Da mutane su ka ga aikin da ya fi ƙarfin saninsu, sai labaru su ka yawaita a kansa. A ka riƙa cewa da dare ya ke gini, har waɗansu su ka ce aljannu ke taya shi, gama an daɗe ana jingina wa gwanayen magina irin wannan. Mai hankali ba ya bukatar wannan fassara. Wanda ya ga alaramma ya zauna ya rubuta shafi babu gyara, ya san ba aljani ba ne, shekarun da ya yi yana wanke allo ne su ka taru a yatsunsa. Haka baka ta ke: in ta tashi sumul babu karaya, shaida ce ta yawan ƙasar da hannu ya taɓa, da yawan bangon da ido ya auna.

Sunansa ya wuce ƙasar Zazzau, manya na nesa su ka riƙa neman aikinsa. A Kafin Madaki, arewa da Bauchi cikin ƙasar Ganjuwa, akwai soron da ya gina wa Madakin Bauchi wajen 1860, zamanin Sarkin Bauchi Ibrahimu, wanda ya yi sarauta daga 1845 zuwa 1877. Mutanen wurin ba su sa wa ginin sunan mai gida ba, sunan magini su ka sa masa, Babban Gwani su ke kiransa. Wannan daraja ce da ba kowane mai sana'a ya ke samu ba, a ce mai dukiya ya biya, amma suna ya bi mai hannu.

Game da ƙarshensa, riwayar da ta shahara a bakin jama'a ita ce ya tafi Birnin Gwari ya gina masallaci, da ya gama sai a ka kashe shi, don kada ya je wani gari ya gina wanda ya fi shi. Masu ba da wannan labari suna nuna abu biyu ne: yadda sarakuna su ke gasa da aikin gwani, da kuma yadda hassada ta kan bi mai baiwa. Amma in an yi nufin binne sanin tare da shi, to, ba a dace ba, gama ya riga ya koyar. Zuriyarsa sun ci gaba da sana'ar a birnin Zariya, a unguwar da a ke kira da sunansa, sarautar Sarkin Magina kuma ta zauna a gidansu.

Bayan zuwan Turawa, masana gini na ƙasashen waje su ka zo su ka ga aikinsa su ka yi mamaki. A 1956 gwamnati ta sa ginin Kafin Madaki cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta tsare. Wani Bature mutumin ƙasar Folan, mai suna Dmochowski, ya auna masallacin Zariya ciki da waje, ya zana shi a takarda, daga bisani a ka gina kwatankwacinsa da ƙasa a gidan ajiye kayan tarihi na Jos. Wannan Bature ya rasu a 1982, a ka buga littafinsa a kan gine-ginen gargajiya na Nijeriya a 1990, juzu'i 3. A Zariya kuwa, cikin shekarun 1970 an gina sabon masallaci na siminti wanda ya lulluɓe tsohon, a ka bar wani sashe na aikin Babban Gwani a cikinsa.

A nan ne abin lura ya ke. Ginin ƙasa ba ya rayuwa shi kaɗai. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an duba rufi, an share indararo, an toshe tsaga, an sabunta yaɓe, an gyara zankwaye. In a ka yi sakaci damina biyu ko uku, abin da gwani ya shekara yana ɗaurawa sai ya zube dare ɗaya. Misalinsa misalin hadda ne, wadda in ba a yi mata tilawa ba sai ta gudu. Takarda tana iya ajiye awon baka, amma ba ta iya ajiye abin da tafin hannu ya ke ji sa'ad da ya murza ƙasa. Wannan sai daga hannu zuwa hannu.

A karkarar Kano, wurare irin su Rijiyar Zaki ta ƙasar Ungogo, inda dā gonaki ne da gidajen ƙasa da rumbuna, yawancinsu sun zama unguwannin bulo da kwano. Ba laifi ba ne mutum ya gina abin da ya fi masa sauƙi. Amma wanda ya taɓa zama a soron ƙasa da tsakar bazara ya san sanyinsa, ya kuma san ɗuminsa a daren hunturu, gama kaurin bango ya kan tare zafin rana, ya riƙe shi sai dare ya sake shi. Attajirin da Allah ya hore wa, in ya tashi gini, da zai ware zaure guda ya kira maginin ƙasa ya ɗaura masa baka, ya kuma bar yara su tsaya su gani, da ya yi wa sana'ar abin da mai ciyar da almajirai ya ke yi wa karatu. Malamin da ya gaji tsohon soro, da zai yaɓe shi kan kari maimakon ya rushe, da ya tsare amanar waɗanda su ka riga shi.

Allah ya ji ƙan Babban Gwani, ya gafarta masa, ya saka masa da ladan kowace salla da a ka yi ƙarƙashin rufin da ya ɗaura. Allah ya sa albarka a hannun duk mai sana'ar da ya kyautata aikinsa, ko da alƙalami ko da ƙasa. Amin. Tamat.