Frank Hornby: Akawun Da Ya Shigar Da Jirgin Ƙasa Cikin Gidajen Mutane

An haifi Frank Hornby ran 15 ga watan Mayu, 1863, a birnin Liverpool na ƙasar Ingila. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan masarufi, kuma a kantinsa ne yaron ya soma aikin karɓar kuɗi bayan ya bar makaranta yana da shekara 16. Bai taɓa shiga makarantar koyon aikin injiniya ba. A 1887 ya auri Clara Godefroy, suka haifi maza biyu, Roland da Douglas, da mace ɗaya. Da mahaifin ya rasu a 1899 sai kantin ya rufe, Hornby ya koma aikin akawu a wurin wani mai shigo da nama daga ƙasashen waje, David Elliott.

Albashin akawu ba ya isa a sayi kayan wasa masu tsada, saboda haka ya riƙa yanka fallen ƙarfe a gida yana ƙera wa 'ya'yansa gadoji da kekuna da injunan ɗaga kaya. Wahalar ita ce kowane abu sai an yi masa nasa sassan daga farko, in an gama kuwa ba ya sāke zama wani abu. Ya ba da labari daga baya cewa a cikin jirgin ƙasa ne, ran jajiberen Kirsimeti, yana tunanin wani injin ɗaga kaya da ya gagare su ƙarasawa, dabara ta faɗo masa: a yi 'yan sandunan ƙarfe masu faɗi ɗaya, a huda su da ramuka masu tazarar rabin inci, a riƙa ɗaure su da ƙusa da noti. Da haka sandar da ta zama ƙafar gada yau za ta iya zama hannun injin gobe.

A watan Janairu na 1901 ya nemi takardar mallakar wannan ƙirƙira. Kuɗin takardar ma ba shi da su, sai da ya ranci fam 5 a wurin maigidansa Elliott, wanda daga baya ya ba shi ɗaki kusa da ofis, ya kuma zama abokin tarayyarsa. Wani shehun malamin injiniya na Liverpool, Henry Hele-Shaw, ya duba kayan ya yaba, wannan yabo kuwa ya taimaka wajen shawo kan 'yan kasuwa. A 1902 aka soma sayar da akwatin a kan sule 7 da sisi. Shekarun farko babu wata riba, Hornby yana aikin littattafan nama da rana, da dare yana shirya akwatuna. Sai a 1907 ya ajiye aikin albashi, yana da shekara 44 da iyali a wuyansa, ya yi rajistar sunan Meccano. Da aka kafa kamfanin a 1908 Elliott bai shiga ba. Ya zuwa 1914 an gina babbar masana'anta a titin Binns, wadda ta zama hedkwatar kamfanin fiye da shekara 60.

Kafin Yaƙin Duniya na Farko, kamfanonin Jamus irin su Bing da Märklin su ne ke riƙe da kasuwar jiragen wasa a Ingila. Yaƙin ya raba Hornby da harkarsa ta Jamus, amma kuma ya buɗe masa ƙofa a gida, domin bayan 1918 mutanen Ingila ba su da sha'awar kayan Jamus. A 1920 ya fito da jirginsa na farko, wanda ake murɗa wa makulli kamar agogo, yana gudu a kan dogo mai faɗin milimita 32. Shi ma da ƙusa da noti aka haɗa shi, don yaro ya kwance ya mayar. Mai aiki da lantarki ya fito a 1925, amma da yake wutarsa tana da ƙarfi, har tana iya jan yaro, sai aka koma ga ƙaramar wuta.

Abin da Hornby ya gane, wanda ya bambanta shi da masu sayar da kayan wasa da yawa, shi ne cewa jirgin da ke zagaya da'ira kawai ba ya daɗewa bai gundiri mai shi ba. Aikin reluwe na gaskiya yana harabar kaya ne, inda ake rarraba taragu, a tura wannan layin kwal, a kai wancan bakin rumfar sauke kaya, a jera na dabbobi a gefen dakalinsu, sa'an nan a sāke haɗa su bisa tsarin tashoshin da za su sauka. Saboda haka kamfanin ya yi ta fito da taragun kaya iri-iri, na kwal, na mai, na katako, na madara, da makarkatun layi, da sigina, da dakalin kaya mai injin ɗagawa. Mujallar kamfanin, wadda aka soma bugawa a 1916, ta riƙa koya wa yara yadda ake jujjuya taragu da yadda ake bin jadawali. Ba a ce babu wayon kasuwa a ciki ba, domin duk yaron da ya shimfiɗa layin ajiya guda zai bukaci tarago na cika shi. Ko 'yan motocin Dinky, waɗanda suka samu wannan suna a 1934 suka kuma yi tashe a duniya, asalinsu kayan ƙawata tasha ne da harabar kaya.

Ba kowace kasuwa ta karɓe shi ba. A Faransa ya kafu sosai, amma a Amurka, inda ya buɗe masana'anta a jihar New Jersey, jiragensa ba su iya gogayya da na gida ba, harkar kuma ta koma hannun abokin hamayyarsa A. C. Gilbert. Ya kuma ɓata shekaru da kuɗi masu yawa a kotu yana ƙarar masu kwaikwayon kayansa. A 1931 aka zaɓe shi wakilin Everton a Majalisar Wakilai ta Birtaniya a ƙarƙashin jam'iyyar 'yan mazan jiya, ya bar kamfanin a hannun manajoji, amma bai yi wani fice a majalisa ba, ya sauka kafin zaɓen 1935. Ya rasu ran 21 ga watan Satumba, 1936, bayan fama da ciwon zuciya da na sukari, aka binne shi a garin Maghull inda gidansa yake.

Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1938, kamfanin da ɗansa Roland ke shugabanta ya fito da ƙananan jiragen Hornby Dublo, waɗanda girmansu ya yi kusan rabin na farkon, har ana iya shimfiɗa tasha sukutum a kan teburi. A ma'auninsu, milimita 4 ita ce ƙafa ɗaya, watau kowane abu an rage shi sau 76. Sai dai akwai wani aibi da suka gada daga waɗanda suka riga su fito da wannan ma'auni. Faɗin dogon Ingila ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, wanda in aka rage shi daidai zai ba da milimita 18.83. Dogon da aka yi amfani da shi kuwa milimita 16.5 ne, wanda ya dace da ma'aunin milimita 3.5 ga ƙafa. Dalili shi ne kawunan jiragen Ingila ƙanana ne, injin lantarki na wancan zamani ba ya shiga cikinsu sai an ƙara girman gangar jikin, aka ƙara jiki aka bar dogo yadda yake. Sakamakon haka dogon ya tsuke da misalin inci 7 na gaskiya.

Yaran da suka tashi da jiragen Hornby su ne suka girma suka ƙi yarda da wannan tsukewa. Waɗansu suka koma dogo mai milimita 18, daga baya 18.2, suka kafa ƙungiyarsu a 1955. A 1966 wani rukuni ya bayyana ma'aunin da ake kira P4, mai milimita 18.83 cif. Mai bin wannan hanya yakan shimfiɗa dogonsa da hannu, katako bayan katako, ya cire ƙafafun da kamfani ya sa wa tarago masu kaurin leɓe ya sa sirara. Sirarin leɓe kuwa ba ya yafe kuskure: in dogo ya ɗan karkace, tarago ya sauka, don haka sai an yi wa ƙafafun dabarar da za su riƙa bin tudu da kwarin layi. Harabar kaya ta fi ko'ina dacewa da irin wannan aiki, domin jirgi a can tafiyar hawainiya yake yi, ido yana ganin kowace makarkata, kuma katako mai tsawon ƙafa kaɗan ya isa a yi layukan ajiya uku da rumfa da ma'aunin nauyi. Akan nemo tsofaffin taswirori da hotunan wata tasha ta gaskiya, a auna bulo da taga, har tsatsa da baƙin kwal sai an shafa wa taragu.

Meccano ma ya wuce ɗakin wasa. A 1934, Douglas Hartree da ɗalibinsa Arthur Porter sun yi amfani da sassansa a Jami'ar Manchester suka haɗa na'urar warware lissafi mai wuya, tun Hornby yana da rai.

Kamfanin bai jure gasar kayan roba masu araha da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba. A 1964 kamfanin Lines Brothers, masu jiragen Tri-ang, suka saye shi, sunan Hornby ya koma kan jiragen da ake yi a garin Margate. Masana'antar titin Binns ta ci gaba da Meccano da Dinky har zuwa watan Nuwamba na 1979, lokacin da aka rufe ta, daga baya aka rushe ginin.