Dennis Ritchie: Mutumin da ya ƙera makullan da ke tsare kwamfutocin duniya

A watan Satumban 2021, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Faskari da Sabuwa da Kankara. Waya ta zama hoto a hannu, na'urorin POS suka tsaya, mai son tura kuɗi ko duba saƙo sai ya yi tattaki zuwa garin da ke da sabis.

Abin da aka datse a lokacin shi ne hanyar da ta haɗa wayoyin jama'a da wasu manyan kwamfutoci da ke nesa, waɗanda ake kira saba ko uwar garke. A cikinsu ake ajiye lissafin banki da saƙonni da shafukan intanet. Galibinsu suna aiki ne da babbar manhajar Linux, wadda aka buɗe rubutunta ga kowa ya karanta, ya gyara, ya raba kyauta. Idan aka bi salsalar Linux, za a tarar da wani mutum mai kawaici da bai cika son a san shi ba, Dennis Ritchie.

Tasowarsa

An haifi Dennis MacAlistair Ritchie ranar 9 ga Satumban 1941 a garin Bronxville na Jihar New York a Amurka, ya girma a Summit ta Jihar New Jersey. Mahaifinsa, Alistair Ritchie, masanin kimiyya ne a Bell Labs, cibiyar bincike ta kamfanin tarho na AT&T.

Ya karanta kimiyyar fiziks da lissafi a Jami'ar Harvard. Ya rubuta kundin digirin digirgir a 1968, amma ba a ba shi shaidar ba, domin bai miƙa wa ɗakin karatun jami'ar kwafin da aka ɗinke kamar yadda ƙa'ida ta tanada ba. Tun 1967 ya riga ya bi sawun mahaifinsa zuwa Bell Labs, kuma a nan ya yi shekara 40 yana aiki.

Yadda aka haifi Unix

A wancan zamani kwamfuta ɗaya kan cika ɗaki, kuma tsadarta ta sa dole mutane da yawa su yi tarayya a kanta. Bell Labs da Jami'ar MIT da kamfanin General Electric sun haɗa hannu don gina wata manhaja mai suna Multics da za ta ba da damar hakan. Aikin ya yi nauyi, ya ci kuɗi, sai Bell Labs ta janye a 1969.

Ritchie da abokin aikinsa Ken Thompson ba su haƙura ba. Thompson ya samu wata tsohuwar kwamfuta ƙirar PDP-7 da ba a cika amfani da ita ba, ya fara gina ƙaramar manhaja a kanta, Ritchie na taimaka masa wajen tsara yadda za a adana fayiloli. Ita ce daga baya aka raɗa wa suna Unix.

Matsalar ita ce, a lokacin ana rubuta irin wannan manhaja ne da harshen da na'ura iri ɗaya kaɗai ke ganewa. Da an sauya na'ura, sai a koma farko. Ritchie ya ɗauki wani harshe mai suna B da Thompson ya tsara, ya faɗaɗa shi, ya fito da harshen C a wajajen 1972. A 1973 suka sake rubuta zuciyar Unix da C. Daga nan ɗaukar manhajar daga wata na'ura zuwa wata ya zama aiki mai yiwuwa.

Wata yarjejeniya da AT&T ya yi da gwamnatin Amurka a 1956 ta hana shi shiga kasuwancin da ba na tarho ba. Saboda haka kamfanin ya riƙa bai wa jami'o'i Unix da cikakken rubutunta a kan kuɗi kaɗan. Ɗalibai suka karanta, suka gyara, suka ƙara nasu, musamman a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A 1978 Ritchie da Brian Kernighan suka fitar da littafin koyon harshen C, wanda ya zama jagora ga masu rubuta manhaja a ƙasashe da dama.

Gida ɗaya, ɗakuna da yawa

Tunda mutane da yawa ne ke aiki a kwamfuta ɗaya, tilas a samu abin da zai hana wani leƙa kayan wani. Tsarin da suka fito da shi ya yi kama da gidan haya. Kowane fayil yana da mai shi. Izini kuma iri uku ne: karantawa, rubutawa, da kunnawa. Mai fayil ne ke yanke abin da ya yarje wa kansa, da abin da ya yarje wa 'yan rukuninsa, da abin da ya bar wa sauran jama'a. Sama da kowa akwai asusu guda mai suna root, wanda ke riƙe da makullin kowane ɗaki.

Sai wata tambaya ta taso. Fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin sirri na root ne, to ta yaya ɗan haya zai sauya tasa kalmar ba tare da an damƙa masa makullan gidan duka ba? Ritchie ya warware wannan da wata dabara mai suna setuid. Ana yi wa manhaja alama, ta yadda duk wanda ya kunna ta za ta yi aiki da ikon mai ita, amma ga abin da aka rubuta ta domin shi kawai. Kamar dai mai sito ne ya ba yaronsa makulli ya ɗauko wa baƙo buhu ɗaya, baƙon kuwa yana tsaye a waje. An nemi rajistar mallakar dabarar a 1973, aka bayar a 1979, daga baya kamfanin ya sake ta ga kowa.

Abokan aikinsa Robert Morris da Thompson kuma suka tsara yadda za a daina ajiye kalmar sirri a fili, a riƙa ajiye ta a rikiɗe. Har gobe duk wanda ke kula da saba mai Linux da waɗannan kayan yake aiki.

Bai ɓoye raunin aikinsa ba

Ritchie ya rubuta wata gajeriyar maƙala kan tsaron Unix, inda ya nuna ƙarara cewa ba a gina manhajar da tsaro a matsayin babban buri ba, ya kuma lissafa hanyoyin da za a iya cutar da ita. Makullin root da ke buɗe ko'ina ni'ima ne a hannun mai gida, bala'i ne a hannun ɓarawo. Manhajar da aka yi wa alamar setuid kuma, in akwai kuskure a rubutunta, ta zama ƙofar baya.

Harshen C ma yana da nasa. Yana da sauri domin ya yarda da mai rubutu, ba ya duba ko bayanin da aka zuba ya fi ƙarfin wurin da aka tanadar masa. Ranar 2 ga Nuwamban 1988 duniya ta ga illar hakan, lokacin da wata muguwar manhaja ta bazu a intanet, ta bi ta irin wannan kafa da kuma kalmomin sirri masu sauƙin canka, ta durƙusar da dubban kwamfutoci masu Unix. Wanda ya sake ta ɗalibi ne a Jami'ar Cornell, kuma ɗa ne ga Robert Morris ɗin nan da ya tsara ɓoye kalmar sirri. A 2014 ma an gano wata kafa mai suna Heartbleed a manhajar OpenSSL da aka rubuta da C, abin da ya tilasta wa ɗimbin shafukan intanet sauya makullansu.

Daga irin waɗannan darussa masu kula da saba suka samo ƙa'idojinsu na yau: kada a yi aikin yau da kullum da asusun root, kada a bai wa kowa izinin da ya wuce buƙatarsa, a rufe duk ƙofar da ba a amfani da ita, a kuma sabunta manhaja da zarar an fitar da gyara.

Gadon da ya bari

A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux. Bai kwafi rubutun Unix ba, amma tsarinta ya bi, kuma da harshen C ya yi aikin. A kan zuciyar Linux aka gina Android, manhajar da ke cikin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung da suka cika kasuwannin Arewa. Manhajar iPhone ma tana da jini da Unix ta reshen Berkeley. Tun Nuwamban 2017, kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk da Linux suke aiki.

Ritchie da Thompson sun karɓi lambar Turing a 1983, wadda ita ce mafi daraja a fagen ilimin kwamfuta. Shugaba Bill Clinton ya ba su lambar fasaha ta ƙasa a 1999, suka kuma samu lambar Japan a 2011. Ritchie ya yi ritaya a 2007.

Ranar 12 ga Oktoban 2011 aka tarar da gawarsa a gidansa da ke Berkeley Heights a New Jersey, inda yake zaune shi kaɗai, bayan fama da ciwon daji da na zuciya. Shekarunsa 70. Mako guda kafin nan Steve Jobs na kamfanin Apple ya mutu, kuma labarinsa ne ya cika kafafen watsa labarai, na Ritchie bai yi amo ba. Masu harhaɗa manhajojin Fedora da FreeBSD ne suka sadaukar masa da sabbin fitowarsu da suka biyo baya.