Waliyyi Yohanna na La Sal, Majiɓincin Malaman Makaranta

Ranar 7 ga Afrilu muke tunawa da Waliyyi Yohanna na La Sal. An haife shi a birnin Rims na ƙasar Faransa a 1651, ɗan masu hali ne, aka naɗa shi firist a 1678.

A zamaninsa malamin 'ya'yan talakawa ba shi da daraja: horo babu, albashi bai taka kara ya karya ba, halin da malamanmu ma suka sani. Yohanna ya kwaso irin waɗannan malamai ya zaunar da su a gidansu, suna ci tare. Dangi suka ga abin kunya ne, suka janye jiki. Da malaman suka yi masa gorin cewa in makarantun suka rushe shi yana da madogara, su kuwa sai bara, ya rabar da dukiyarsa ga mabukata lokacin yunwar 1684.

Ya sa a koya wa yara karatu da Faransanci maimakon Latin, aji-aji. Malaman rubutu masu karɓar kuɗi a Faris suka kai shi kotu, har aka kwashe kayan makarantunsa. Ya rasu ran Jumma'a Mai Kyau, 1719. A 1950 Fafaroma Piyus na 12 ya ba mu shi majiɓincin malamai.